Jaririyar da Aka Kai Neman Ƙuri'a

Hong Kong
14 ga Mayu, 1995

Ading Pemyo,

Ina gaishe ka gaisuwar wadda ta daɗe ba ta ga fuskar ƙaninta ba. Yaya matarka Caring da ciwon ƙafarta? Yaya hawan jininka, ko har yanzu kana cin kitsen alade a ɓoye kana cewa likita bai san aikinsa ba? Ni lafiya ƙalau, sai ciwon bayan nan da ke tuna mini shekaruna duk sanda na sunkuya share ƙarƙashin gadon Madam.

Hoton jaririyar ya iso. Ranar Lahadi na buɗe shi a dandali, muna zaune kan kwalaye da matan garinmu, sai da ya zaga hannu ya dawo mini da tabon mai a gefe. Kowa ta ce hancin Inang ne sak, mahaifiyarmu. Na yi kuka a gaban mutane, ban kuwa ji kunya ba. 'Yata Nila da na bari tana koyon ɗaure igiyar takalmi, yau ita ce da 'ya a hannu.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ka san abin da aikin nan ya cinye mini. Ban ga ranar da Nila ta gama makaranta ba. Ranar da alƙali ya ɗaura musu aure da Arnel ina nan ina goge tagogi. Mahaifinta ma a hoto na ga akwatin gawarsa. Ban taɓa yi maka ƙorafi ba, don kai ka riƙe mini ita kamar ka haife ta, na kuma sani. To wannan ɗaya kam ina so a bar mini. Madam ta yarda in zo gida a Disamba. A jira ni da baftismar yarinyar. Ina so ina tsaye a wurin lokacin da ruwan zai taɓa kanta, kuma a sa mata sunan mahaifiyarmu, Consolacion. Na fara ɗinka mata riga da hannu, kaɗan-kaɗan idan na gama wanke-wanke. Iyayen baftisma biyu sun isa, waɗanda za su gane ta idan sun gamu da ita a hanya.

In jirgin ruwan su Arnel ya dawo kafin lokacin, sai mu haɗa da aurensu na coci gaba ɗaya, ka riƙe hannun Nila ka kai ta gaban bagade kamar yadda ka daɗe kana cika baki za ka yi. Na san har ka zaɓi wurin da za ka fara kuka.

Na ji an gama zaɓe, kuma wai Tata Ambo zai ajiye sandar majalisa. Gaskiya ne? In haka ne, wa ya fi ka cancanta, kai da ka tsufa a bayansa? Ka rubuto mini.

Yayarka,
Saling

*

Kapitol
2 ga Yuni, 1995

Manang Saling,

Wasiƙarki ta same mu lafiya. Caring na gaishe ki, ƙafar da sauƙi. Nila da jaririya lafiya lau, yarinyar akwai murya, ta gado ki. Maganar kitse kuma sharri ne, Caring ce ke kai miki tsegumi.

Abin da kika ji gaskiya ne. Gwiwoyin Tata Ambo sun gama aiki, zai sauka daga Sajan Majalisa. Kin daɗe da barin gida, bari in tuna miki yadda ake yi a majalisar lardinmu a nan Kapitol. Ba gwamna ke naɗa Saja ba, 'yan majalisa ne ke zaɓarsa. Ranar zaman farko, bayan bokal-bokal, wato 'yan majalisar, sun yi rantsuwa, Mataimakin Gwamna zai hau kujera ya buɗe ƙofar tsayar da 'yan takara. Wani bokal ya miƙe ya kira sunanka, wani ya mara masa baya, sannan a ɗaga hannu. Su goma sha uku ne, wanda ya sami bakwai ya ɗauki sanda. Daga ranar shi ne mai tsaron ƙofa da zauren, shi ke shigo da sanda a buɗe zama, shi ke fitar da duk wanda ya tayar da hankali.

Shekara ashirin ina mataimaki, Manang. Ni na tare tokar sigari da kwanonta da goshina ranar da aka yi faɗan kasafi. Ni nake ɗauko bokal daga bayan gida idan ya sha ya faɗi. Na san wanda ke tuɓe takalmi a ƙarƙashin tebur ya sosa tsakanin yatsunsa, sannan ya miƙo hannu a gaisa. Wani lokacin in na dawo gida sai na yi wanka kafin in iya cin abinci. Duk na shanye, ina jiran wannan rana.

Sai ga wani Kanar Ulep, ɗan sandan da ya yi ritaya, wai shi ma yana so. Mutumin da sau ɗaya ya taɓa shiga zauren, ya je ya zauna kan kujerar Mataimakin Gwamna yana tsammanin ta baƙi ce. Amma yana wasan kati da manya.

Na zaga gidajen bokal-bokal da kwalbar giyar basi a hannu. Kowa ya dafa kafaɗata ya ce, "Pemyo, ka kwantar da hankalinka." Na je na faɗa wa Tata Ambo ina murna, ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ni ma a lokacina haka suka ce wa wanda na kayar. Kai yaro ne? Alkawarinsu kafin ka fita ƙofar gida ya huce. Abu ɗaya suke jin nauyinsa, a ce sun juya wa kumpare baya a gaban jama'a. Ka zama kumparensu." Na ce, ta yaya, ni da autana har ya yi gemu? Ya ce, "Ba jaririya a gidanka?"

Manang, kada ki yi saurin fushi. Kin san wanda ya tsaya wa ɗanka a baftisma ya zama kumparenka, ɗan'uwa har kabari. In bokal bakwai suka tsaya wa jikarki, ƙuri'a bakwai ke nan. Kuma ki duba ribar yarinyar: wace jaririya ce a ƙauyenmu ta taɓa samun iyaye bakwai a majalisa? Makaranta, aiki, asibiti, duk ƙofa a buɗe take mata. Damuwar ita ce zaman farko a farkon Yuli ne, Disamba ta yi nisa. Fadan cocinmu zai yi baftisma ranar idin San Juan, ashirin da huɗu ga wannan wata. Na san abin da kika roƙa, kuma yana damuna. Amma ke ce kika ce ba wanda ya fi ni cancanta.

In ban ji daga gare ki ba kafin idin, zan ɗauka kin fahimce ni.

Ƙaninki,
Eufemio

*

Kapitol
26 ga Yuni, 1995

Manang Saling,

Da fatan kina lafiya, ke da mutanen gidan da kike. Mu duka lafiya. Kullum sai na leƙa gidan waya, ba komai daga gare ki. Na ce wa Caring, Manang in ba ta yarda da abu ba ba ta yin shiru, ko daga ƙasan teku sai an ji ta. Saboda haka na gode.

An yi baftisma ranar Asabar, kuma ƙauyenmu bai taɓa ganin motoci haka ba. Duka bakwai ɗin sun amsa. Huɗu sun zo da kansu, uku sun aiko wakilai: ɗaya sakatariyarsa, ɗaya ƙanin matarsa, ɗaya wani mutum da har yanzu ban san ko wane ne ba, amma ya sa hannu a takarda. Bokal Ragasa, shugaban masu rinjaye, ya makara, Fada ya jira shi yana duban agogo, sauran iyayen yara suna fifita suna hararata. Da ya iso, da mai ɗaukar hotonsa ya zo.

Akwai wani ɗan abu da gara ki ji daga bakina. Bokal Ragasa ya leƙa fuskar jaririyar ya ce, "Kai, yaro kyakkyawa. Yaya sunansa?"

Nila ta ce, "Mace ce, Bokal. Consolacion."

Ya ɗan ɓata fuska. "Wannan ai sunan tsofaffi ne. Mahaifiyata ta rasu bara, jikokinta duka maza, ba wanda ya ɗauki sunanta. Fredesvinda. Kumpare, me ka gani?"

Karon farko ke nan da ya kira ni kumpare, Manang, a gaban kowa. Fada yana riƙe da biro, mai hoto ya saita. Nila ta dube ni. Me zan ce? Na gyaɗa kai. Suna ai na takarda ne, a gida za mu kira ta duk abin da kike so.

Rigarki ba ta iso ba, sai matar Bokal Sagun ta ara mana ta jikanta. Ta ɗan yi rawaya a wuya amma a hoto ba ya nunawa. Bokal Tumaneng ne ya kamata ya riƙe yarinyar a bakin ruwa, sai ta yi masa tumbuɗi a rigarsa ta barong, ya miƙa wa direbansa ita ya fita neman sabulu. Don haka direban ne ya riƙe ta. Fada ya ce ba komai, niyya ake dubawa.

Wajen cin abinci kam ba zan ɓoye miki ba, raina ya ɓaci. Alade biyu na gasa. Masu tsaron lafiyarsu suka faɗa wa tebur kafin Fada ya gama addu'a, suna yagar fata da hannu, mai na bin gwiwar hannunsu. Maƙwabtanmu da suka kwana suna girki ƙashi suka tarar. Kan aladen ma na ga an naɗe shi a jarida an sa a bayan motar wani. Ko ɗaya cikin bokal ɗin bai sake duban jaririyar ba bayan an ɗauki hoto. Amma da za su tafi kowa ya rungume ni ya ce kumpare, kuma Tumaneng ya ce shi da kansa zai kira sunana ranar zaman.

Nila ba ta cika magana ba kwanan nan, gajiyar shayarwa ce. Na ba da ɗinkin sabon barong. Ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Eufemio

*

Hong Kong
5 ga Yuli, 1995

Pemyo,

Ina fatan kuna lafiya. Ni ban da lafiyar kirki. Tsohuwar gidan nan, uwar Madam, ta zame a banɗaki ta karya ƙugu, kusan wata guda ina asibiti da ita, a kan kujera nake kwana. Yau muka dawo. Wasiƙarka ta biyu ga Yuni na tarar a ƙarƙashin tarin jaridu, Madam ta ɗora tukunyar fure a kai.

A'a. Ka ji ko? A'a. Jikata ba kwalbar basi ba ce da za ka riƙa zagawa da ita gidajen mutane. Kai da bakinka ka ce in ka dawo daga wurinsu sai ka yi wanka kafin ka iya cin abinci, sannan kana so ka ɗora musu jaririyar wata biyu a hannu? Wannan hannun da ka ce ana sosa yatsun ƙafa da shi? Na ce ka cancanta, ban ce ka je ka sayar da abin da ba naka ba. In shekara ashirin na tare kwanon toka da goshi ba su sa sun san ka ba, ruwan coci ba zai sa ba. Idin ya wuce, amma ina gaya wa kaina ba za ka yi ba, don ka san ni, ka kuma san Inang.

6 ga Yuli

Ban kai ga zuwa gidan waya ba ɗayar wasiƙar ta iso. Ban yaga abin da na rubuta jiya ba, ka karanta ka ga irin wautar yayarka, da take zaton ta san ka.

Ka ce ka gode. Kada ka kuskura ka sake gode mini. A kan teburinka na Kapitol akwai tarho, lambar gidan nan tana cikin aljihunka tun shekarar da na zo. Da ka buga, da Madam ta faɗa maka ina asibiti. Ba ka buga ba don tarho yana amsawa, ita kuwa takarda tana iya yin shiru, kuma shirun kake nema.

Fredesvinda. Na yi ta maimaita shi a kicin ko bakina zai saba, ya ƙi. Matar nan na san ta, Pemyo, kai ma ka san ta. Ita ce ke sa a auna wa Inang shinkafar lada da ƙaramin gwangwani lokacin girbi. Yanzu sunanta ne a kan jikar Inang, a littafin coci, inda ba a gogewa. Baftisma sau ɗaya ake yi. Abu ɗaya na roƙa a shekara goma sha huɗu, ka ɗauka ka ba direban wani ya riƙe.

Rigar saura hannu ɗaya in gama. Na cusa ta ƙasan akwati don ba na son ganinta. Ka ce Nila gajiyar shayarwa ke damunta. Kai ka raine ta, amma ba ka san lokacin da take haɗiye kuka ba.

Ka ce in sa ka a addu'a. Na gwada, bakina ya ƙi.

Saling

*

Kapitol
18 ga Yuli, 1995

Manang,

Ina gaishe ki, ina kuma yi wa tsohuwar gidanku fatan sauƙi. Mu muna nan. Na karanta wasiƙarki a tsaye, na sake karantawa a zaune. Ba sai kin ƙara ba, an riga an rama miki.

Asabar ɗin da ta biyo bayan baftisma, Kanar Ulep ya aurar da 'yarsa a babban cocin birni. Iyayen auren da suka tsaya mata: Gwamna, Mataimakin Gwamna, da bokal tara. Biyar daga cikinsu nawa ne. Na ruga wurin Tata Ambo, ya ce, "Af, ai uban aure ya fi uban baftisma nauyi, kowa ya san wannan." Na ce, me ya hana ka faɗa mini tun farko? Ya ce, "To kana da 'yar aurarwa ne a lokacin?" Duk da haka na ƙarfafa zuciyata. Na ce ai ni suka fara yi wa alkawari, kuma a gaban Fada.

Ranar zaman ni na shigo da sanda, don Tata Ambo ba ya iya hawa matakala. Na goge ta har tana ɗaukar ido, ga sabon barong. Na kuma yi wata dabara. Na ce wa Nila ta zo da jaririya ta zauna a layin gaba na benen 'yan kallo, a sa mata rigar baftismar, don in sun ɗaga kai su ga 'yarsu su tuna. Ba ta so ba. Na ce, "Don ni, 'yata." Ta zo.

Aka yi rantsuwa, aka yi tafi. Mataimakin Gwamna ya ce an buɗe ƙofar tsayar da ɗan takarar Sajan Majalisa. Na dubi kujerar Tumaneng, ba kowa. Ashe yana baranda, inda matar Kanar ta jera tiren taliya da kaji. Sai Ragasa ya miƙe. Na gyara tsayuwa, har na ji idona ya kawo ruwa, na ce ashe shugaban da kansa zai yi. Ya buɗe baki ya kira sunan Kanar Ulep. Kafin ya zauna Sagun ya mara masa baya, kafin Sagun ya rufe baki wani ya ce yana neman a rufe ƙofar tsayar da 'yan takara. Mataimakin Gwamna ya ce, "Akwai mai ja?" Kumpare shida a zaune, wani na duban silin, wani na gyara agogo, wani na sakace haƙori. Ya buga guduma. Tunda ɗan takara ɗaya ne, ko hannu ba a ɗaga ba.

Ban faɗi zaɓe ba, Manang. Ban ma shiga ba. Sunana bai fito daga bakin kowa ba.

Da hannuna na miƙa wa Kanar sandar. Ya jinjina ta ya ce, "Da nauyi. Kai za ka ci gaba da ɗauka, ni zan riƙa tafiya a gaba."

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Ragasa ya tashi yin jawabi a kan darajar iyali. Zafi ya yi yawa a bene, rigar aron nan kuma tana da ƙaiƙayi a wuya. Yarinyar ta tsage da kuka, na faɗa miki muryarki gare ta. Ragasa ya dakata ya ɗaga kai. Ya dube ta sosai, a cikin rigar da ya ɗauki hoto da ita, mai sunan uwarsa. Sannan ya ce a lasifika, "Jama'a a riƙa barin yara a gida mana, nan ba kasuwa ba ce." Aka yi dariya. Mataimakin Gwamna ya ce, "Saja, a dawo da tsari." Kanar ya juyo ya nuna mini bene da haɓa. "Kai mataimaki, fitar da matar can."

Na hau. Me zan yi? Aikina ne, ana kallona.

Nila ta ce a hankali, "Kawu, kai fa ka ce in zo."

Na ce, "Doka ce, 'yata. Tashi."

Na kama gwiwar hannunta kamar yadda aka koya mana a kama wanda ake fitarwa, na rako ta har bakin ƙofa, na rufe. Ba ta waiwayo ba.

Da aka tashi na ci karo da Tumaneng, leɓensa na ƙyalli da mai. Ya ce, "Kumpare, wai har an yi? Kash, ba wanda ya kira ni." Ragasa kuma ya dafa ni ya ce, "Siyasa ce, kumpare, kada ka sa a rai, wani karon naka ne. Yaya ɗan namu?" Na tsani mutanen nan, Manang. Na tsani warin turarensu, na tsani yadda suke kiran sunan Allah da baki cike da nama. Na dawo gida na yi wanka, bai yi mini komai ba. Nila tana gaishe ni safe da yamma, daga nan ba ƙari.

Sai dai akwai wata magana, ki karanta ta da sanyin zuciya. Ana raɗe-raɗin Kanar ba zai daɗe ba, Gwamna zai ba shi shugabancin gidan yarin lardi a sabuwar shekara. Ke nan a Janairu za a sake zaɓe. Arnel ya rubuto cewa jirginsu zai dawo a Oktoba. Auren cocinsu dama a Disamba kika ce, kuma wannan karon kina nan, ba abin da za a yi a bayanki. Aure dole sai da iyayen da za su tsaya. Yanzu na gane inda na yi kuskure, baftisma ba ta da nauyi. In muka samu Mataimakin Gwamna da Ragasa da wasu shida, ba wanda zai iya rufe ƙofa kafin a kira sunana. Ki yi tunani kawai.

Ƙaninki,
Eufemio

*

Hong Kong
30 ga Yuli, 1995

Eufemio,

Ina fatan Caring na lafiya. Tsohuwa ta fara takawa da sanda. Na amsa maka da wuri don kada ka sake ɗaukar shiruna ka kai kasuwa.

Wata guda ina kwashe bayan gidan matar nan da hannuna, ban taɓa jin zuciyata ta tashi ba. Shafin ƙarshe na wasiƙarka ne ya sa na ajiye cokali. Har tsakiyarta ina tausayinka, wallahi. Na ga ƙanina tsaye da sanda a sabon barong ba wanda ya kira shi, na ce Allah sarki Pemyo, ya ji a jikinsa, zai dawo hankalinsa. Ashe darasin da ka koya shi ne jaririya ta yi ƙanƙanta, a kawo uwarta.

Ka ce ka tsane su. Ban yarda ba. Wanda ya tsani wuri ba ya ƙirga kujerunsa.

Na yi abin da ka kasa yi, na buga tarho. Na aika aka kira mini Nila a kantin Nana Iding, muka daɗe muna magana. Ta faɗa mini abin da ka tsallake: yatsunka sun bar mata shaida a hannu, kuma da ta fito ana ruwa, ta tsaya a ƙarƙashin bishiya da yarinya a ƙirji tana kallon motocin iyayen baftisma a jere, har jipnin haya ta zo. Ta ce ba kamun ne ya fi yi mata ciwo ba, yadda ka iya shi ne.

Don haka mu ma mun yi namu zaman, ni da ita. Za a yi auren a Disamba, a ƙaramin cocin ƙauye, a sujadar farko ta safe. Iyayen aure biyu ne, Nana Iding da mijinta, waɗanda suka san Nila tun tana satar musu alewa. Ni zan riƙe hannun 'yata in kai ta gaban bagade. Ita ta nemi haka, ba ni ba. Rigar baftismar da nake ɗinkawa na warware ta, leshin zai tafi bakin mayafin amarya. Yarinya kuma Consolacion za mu kira ta, littafin coci ya riƙe nasa.

Kai ma ba mu manta da kai ba. Tunda labari zai kai Kapitol, kuma mutanenka ba sa jin ƙanshin gashi su wuce, muna bukatar mai tsaron ƙofa. Na kira sunanka, Nila ta mara mini baya, na rufe ƙofar tsayar da 'yan takara, ba mai ja. Ka ga a nan an kira ka. Duk bokal ɗin da ya zo, ko direbansa, ko ƙanin matarsa, ka kama gwiwar hannunsa kamar yadda aka koya maka ka mayar da shi mota. Ƙofar cocin za ta kasance a rufe har a gama, kai kana ta waje.

Ka sa sabon barong ɗin, tunda an riga an ɗinka.

Salvacion